Bindigar da ke cikin durowa

Jama'a, duk sanda aka yi harbi a wata makaranta a Amurka sai a cika talabijin da kuka, a kunna kyandir, sati biyu kowa ya koma harkarsa. Ni kam abin da ya fi tsaya min a rai ita ce bindigar da ke kwance cikin durowa ko ƙarƙashin filo, cike da harsashi, a gidan da yara ke rarrafe.

Tun 2020 bindiga ta wuce hatsarin mota wajen kashe yara da matasa a ƙasar nan tasu. Mota fa! Kuma ba duka ba ne irin na makarantar Sandy Hook da aka kashe yara 20 'yan shekara 6 da 7 a 2012, ko na Uvalde a Texas, 2022, yara 19 da malamai 2. Wasu a gida suke faruwa shiru ba kyamara, yaro ya ɗauka abin wasa ne ya saita ƙaninsa, ko matashi ransa ya ɓaci dare ɗaya ya tarar da ita ba kulle ba komai.

Janairun 2023 a Virginia, ɗan shekara 6 ya jefa bindigar uwarsa a jakar makaranta, ya harbi malamarsa a aji. Allah ya sa ta rayu. Yaron da ko igiyar takalmi sai an ɗaure masa.

Shi ya sa na ji daɗin abin da kotu ta yi a Michigan. A 2021 uba ya sayi bindiga ya bai wa ɗansa ɗan 15, kwana 4 kacal yaron ya kashe ɗalibai 4 a makarantar Oxford, to a 2024 aka ɗaure uban da uwar shekara 10 zuwa 15. A shekarar ce kuma dokar jihar ta fara aiki, in akwai yaro a gida dole ka kulle bindigarka.

Masu cewa kundin tsarin mulki ya ba su 'yancin mallakar bindiga, to wa ya ce a ƙwace? Cire harsashin ka ajiye daban, sa ta a akwatin ƙarfe, mukulli a aljihunka. Amma har yau babu dokar tarayya da ta tilasta wannan, kowace jiha da ra'ayinta. Wadda Biden ya sa wa hannu a Yunin 2022 ta tsaurara bincike kan mai saye ɗan ƙasa da 21, ba laifi, sai dai yaron Virginia ai ba shago ya je ba, a ɗakin uwarsa ya same ta.