Kafin ku ɗora lambar asusun karo-karon ofishin haɗaka

Wasu ƙannena masu aikin kwamfuta suna shirin yin karo-karo ta intanet don su buɗe ofishin haɗaka, wato wurin da mai zanen hoto, mai rubuta manhaja, mai fassara da mai tallan kaya a Facebook za su zauna a ɗaki guda, kowa da aikinsa, a raba kuɗin haya da wuta da intanet. Ina goyon bayansu ɗari bisa ɗari, kuma zan sa nawa. Amma ina so su saurare ni tukuna, don ina tsoron a tara kuɗin jama'a a yi fenti a sayi kujeru, bayan wata takwas a ga kwaɗo a ƙofa.

Buƙatar dai babu musu a kanta. Duk wanda ya taɓa ganin matashi ya rungumi kwamfutarsa yana neman soket a gidan abinci, ya sayi lemo ɗaya ya zauna awa uku yana satar kallon ma'aikata ko za su kore shi, ya san ana cikin wahala. Akwai wanda sai ƙarfe biyun dare yake aiki saboda a lokacin ake kawo wuta a unguwarsu. Akwai wadda take taro ta bidiyo da wanda ya ba ta aiki daga ƙasar waje, ga kukan yara, ga ƙarar injin markaɗe daga maƙwabta, ga batir yana ja. Waɗannan mutane suna da basira, wurin zama ne kawai ba su da shi.

Inda nake da magana shi ne a hannun wa za a karɓi kuɗin. A ganina, kuɗin farko dole ya fito daga aljihun waɗanda za su zauna a kan kujerun. Idan kawu na Saudiyya ya turo, Alhaji na kasuwa ya bayar, abokai na Facebook suka jefa dubu bibbiyu, Allah ya saka musu da alheri, amma wannan kuɗin bai gaya muku ko akwai mutum ashirin da za su riƙa biya duk wata ba. Gudummawa sau ɗaya ake ba da ita. Haya da mai da albashin maigadi kuwa ba sa gajiya da dawowa.

Ku dubi yadda waɗanda suka riga mu suka yi. A birnin Filadelfiya na Amurka, Alex Hillman ya buɗe ofishin haɗaka mai suna Indy Hall a 2007, amma kafin ya kama haya sai da shi da abokansa suka daɗe suna haɗuwa a shagunan shan kofi suna aiki tare. Da lokacin kama ɗaki ya yi, cikinsu aka samu waɗanda suka biya kuɗin zama tun gaba. A New York ma haka Tony Bacigalupo ya yi da New Work City: an buɗe a 2008 daga cikin mutanen da suka saba aiki tare, sai a 2010 da za su koma wuri mafi girma suka nemi taimako a Kickstarter, wani dandalin karo-karo ta intanet, suka tara abin da ya haura dala dubu 15. Jama'ar tana nan kafin a miƙa ƙoƙon. Kuma duk da haka wurin ya rufe a 2015, wanda ya nuna mini cewa ko da ƙaunar mutane, sana'ar nan ba ta da sauƙi. Shi kuwa WeWork, babban kamfanin ba da hayar ofisoshin haɗaka, wanda aka taɓa yi wa ƙimar dala biliyan 47 a 2019, a watan Nuwamban 2023 ya shiga kotu yana neman kariya daga masu binsa bashi. Ya kama manyan gine-gine haya ta shekaru masu yawa, masu zama kuma na ɗan lokaci ne. Wannan ramin shi ne dai yake jiran ƙaramin ofishi a Zoo Road ko Barnawa: mai gida zai karɓi kuɗin shekara a dunƙule, masu zama kuma wata-wata za su biya, wani watan ma su ce a yi musu haƙuri.

Mu kuma muna da abin da waɗancan ba su sha fama da shi ba, wato wuta. Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, janareta ya zama abin da ake kunnawa ana duba agogo. A watan Afrilun 2024 aka ɗaga kuɗin wutar 'yan rukunin A, wato waɗanda aka fi ba wuta, zuwa naira 225 kowane kilowat a awa. Saboda haka idan ni ne, abin da aka tara a sola da batura da intanet mai ƙarfi zai fara tafiya, har da layi na biyu don ranar da na farko ya ɗauke. Teburi na kafintan unguwa ya wadatar. Babu wanda zai biya ku kuɗin wata don bangon yana da kyau a hoto, amma zai biya idan ya tabbata kwamfutarsa ba za ta mutu ana tsakar aiki ba. Telolinmu sun daɗe da gane wannan: mutum shida a shago ɗaya, kowa da kekensa, ana haɗa kuɗin haya da na mai, kuma babu wanda ya fara da labule mai tsada.

Abu na gaba da ba na so a yi wa kwana-kwana shi ne a faɗa wa kowa me kuɗinsa yake nufi. Kyauta ce fisabilillahi? Kuɗin kujera ne na wata uku da ya biya tun gaba? Ko hannun jari ne da zai jira riba? A nan zumunci yake lalacewa. Mutum ya bayar yana zaton ya zama mai kaso, masu wuri kuma suna ɗauka gudummawa ce, ranar da abu ya yi albarka sai a tashi da rigima. Idan jari ne, akwai doka: tun 2021 hukumar SEC mai kula da kasuwar hannun jari ta Najeriya ta fitar da ƙa'idojin tara jari daga jama'a ta intanet, dole a bi ta dandalin da ya yi rajista da ita, kuma a ƙa'idojin na 2021 an ce mafi ƙanƙantar sana'a ba za ta tara fiye da naira miliyan 50 cikin wata 12 ba. Ni dai shawarata ku tsaya a kan kuɗin kujera tun gaba, ya fi tsabta. Ku ari tsarin Kickstarter guda ɗaya: a sa adadin da ake nema da ranar rufewa, idan bai cika ba a mayar wa kowa kuɗinsa. Asusun ya kasance na ƙungiya mai rajista, da sa hannun mutum biyu ko uku, a riƙa liƙa lissafi kowa ya gani. An cuci mutane da yawa da sunan taimako a intanet, don haka kada ku ji haushi idan an tambaye ku rasit.

Sannan don Allah ku tuna da mata tun a zanen farko. Banɗaki nasu daban mai tsabta, wurin salla, ɓangaren da mace za ta zauna hankalinta kwance, da wuri mai sauƙin samun adaidaita sahu kafin magariba. Uban da zai bar 'yarsa ta riƙa zuwa kullum sai ya leƙo ya ga wurin da idonsa. Muna da irin waɗannan wurare a gida: Blue Sapphire Hub a Kano mace ce ta kafa shi, CoLab kuma yana Kaduna tun 2016. Ku je ku gaishe su, ku tambaye su nawa suke kashewa a wuta, wane wata ne kujeru suke zama wayam, yaya azumi yake canza lokutan zuwa.

Ƙannena, ga abin da nake roƙonku. Ku ɗauki wata biyu kuna haɗuwa duk Asabar a falon wani ko a ajin makarantar da aka ara muku, kowa da aikinsa. Ku rubuta sunayen masu dawowa ba tare da an kira su ba. Ku tambaye su ƙarara nawa za su iya biya duk wata, su kuma biya na wata uku a hannu. Idan abin da ya taru ya ɗauki haya da wuta, ku fito da lambar asusu don cikon sola da batura, ku turo mini in yaɗa muku.