Katin bashi da jajibirin sallah

Kun dai san yadda na ishe ku da zancen katin bashin nan na banki tun kafin azumi. To an ba ni. Sun duba BVN, wato lambar shaidata ta banki, da takardar albashi, sun leƙa wajen masu ajiye tarihin bashi, suka tarar ba na cin kuɗin kowa, ban da na abokina Dogo da ba a rubuta a ko'ina ba. Sharaɗin shi ne in na biya kafin wa'adi babu kuɗin ruwa, kuma duk abin da na saya ana tara min maki.

Sai yarinyar bankin ta ce, Visa ko Mastercard? Na tambayi Verve, namu na gida da Interswitch suka fito da shi a 2009, da AfriGo ɗin da Babban Banki ya ƙaddamar a 2023. Ta ce wannan katin a biyun nan kawai ake yin sa. Na kira Dogo. Ya ce Mastercard, don su ake gani a allon Champions League. Na ce ai Visa ke da Kofin Duniya. Ya ce Kofin Duniya sai bayan shekara huɗu, nasu kuwa Talata da Laraba. Na sa hannu.

Jajibirin sallah na tafi kanti, Kawun Maman Iman ya ce in rage masa hanya. A mota na gama yi masa bayanin maki. Muna shiga ya ce tunda lada ake tarawa, bari ya taimake ni. Ya ɗora shinkafa, ya ɗora jarkar mai, ya ɗora katan na lemo, har da turaren da bai taɓa jin ƙamshinsa ba.

Na zaro kati da yatsu biyu, na miƙa. Yaron ya sa a POS, na danna lamba ina kare ta da hannu. Shiru. Ya ce, "Oga, bai shiga ba." Na ce netwok ne, a sake. Aka sake. Na karɓa na goge shi da gefen riga, har na hura masa iska. Sai yaron nan, Allah ya shirye shi, ya ɗaga takardar ya karanta da ƙarfi kamar mai sanarwar ɗaurin aure: "Kuɗin bai kai ba!" Layi ya yi tsit. Wata mata ta ce "ayya." Wannan ayyar ita ce har yau take hana ni barci.

Ashe wancan Alhajin mai jar dara yana bayana. Eh, shi, mai tare mana ƙofar gida da mota duk Juma'a. Ya leƙo ya ce, "Samari, na bashi ne? Ai riba ba ta da albarka." Na fara cewa in an biya a kan lokaci babu ruwa, ya ɗaga min hannu. Mutumin da shekara da shekaru kwamitin unguwa ke bin sa kuɗin gyaran kwata! Sabulu ɗaya ya zo saya, amma ya tsaya sai da ya ga ƙarshe.

Kawu ya sa hannu a aljihun 'yar ciki, ya lashi yatsa, ya ƙirga a hankali, yana kallona bayan kowace dubu biyar.

Da daddare Dogo ya ce da Visa na ɗauka da ba haka ba. Bayan sallah yarinyar bankin ta ce min su Visa da Mastercard 'yan aike ne kawai tsakanin kanti da banki, banki ne ke yanke iyakar abin da za ka kashe, kuma tawa ko rabin albashina ba ta kai ba.

Kawu ya ƙi karɓar kuɗinsa ta waya. Wai sai a bikin Ummi, hannu da hannu.