Kumburin da ke bugawa ba na aska ba ne

Akwai wani matashin mahauci a unguwarmu nan Yelwa, Garwa, bara da damina yana fiɗar sa wuƙa ta kuɓuce masa ta shige cinyarsa ta ciki. Jini ya zuba sosai, aka ɗaure da tsumma aka ɗora shi kan moto sai wani ƙaramin lopital, suka ɗinke fatar suka rubuta masa ordonans ya dawo gida. Bayan sati uku wajen ya fara tasowa kamar lemun tsami, kafin ka ce me ya kai girman goruba, kowa ya ce ai mugunya ce ta taru, a kira wanzami ya yi masa sakiya a huta.

Ina wajen sa'adda tsohon ya zo. Ya ajiye zabira ya tsuguna, ya ɗora yatsu biyu a kan kumburin ya yi shiru, ya sake ɗora tafin hannu gaba ɗaya, sai kawai muka ga yana maida aska cikin zabira. Ya ce, "Yaro, wannan abin numfashi yake. Ni ba na taɓa shi, kuma kar ka yarda wani ya taɓa." Uwar ta ce, "Haba Baba, kai fa ka yi masa kaciya, yau kuma tsoro kake ji?" Ya ce, "Hajiya, kawo hannunki ki ji da kanki." Nima na sa nawa. Wallahi bugawa yake dum, dum, daidai da zuciya, kamar an ɓoye ɗan tsako a ƙarƙashin fata.

Da aka kai shi eko, wato injin nan mai nuna cikin jiki a allo, sai likita ya juyo mana da allon, ga jini nan yana juyi a cikin kumburin, gefe ja gefe shuɗi. Ashe wuƙar ta huda babbar jijiyar cinya, fata ta warke a sama amma hujin na nan, jini na fita yana taruwa cikin nama ya yi wa kansa jaka. Da aska ta shiga wajen, mintoci kaɗan sun isa a rasa yaron nan a tsakar gida gaban uwarsa.

Shi wannan ciwo likitoci na ce masa anebirisim, wato bangon jijiyar jini ya yi rauni ya bullo kamar yadda tsohon tiyub na moto ke yin ƙulu kafin ya fashe. Na mahaucin nan na rauni ne, wuƙa ko harsashi ko hatsarin hanya kan jawo irinsa. Akwai wanda ke zuwa a hankali ba tare da rauni ba, yawanci a awota, babbar jijiyar da ta fito daga zuciya ta gangara cikin ciki. Faɗinta wajen santimita 2 ne ga babban mutum, in ta kai 3 an shiga layin ciwon, kuma abin haushin shi ne ba ya ciwo ba ya zazzaɓi, mutum na cin tuwonsa yana zuwa kasuwa shekara da shekaru. Janar Degol ɗin nan, tsohon shugaban Faransa da kakanninmu suka sha jin sunansa, haka ya tafi ranar 9 ga Nuwamba 1970, yana zaune a gidansa da yamma jijiyar ta fashe, duk da likitocin Faransa kaf. Taba ce kan gaba wajen jawo shi, sai tansiyo wato hawan jini, sai shekaru, sai gado, kuma ya fi kama maza. An fi ganinsa ga Turawa, gaskiya ne, amma mu nan muna da namu ƙarin, don tarin fuka da tunjere da sida duk suna iya cin bangon jijiya, shi ya sa a Afirka akan same shi ga mutanen da ko furfura ba su fara ba. Jijiyoyin da ke maida jini zuciya su ma suna yi amma ba kasafai ba, nasu haɗarin gudan jini ne ya daskare a ciki ya tafi huhu.

Toh ga inda nake son zuwa. Kullum in an yi maganar irin wannan ciwo sai a ce ai ba mu da manyan likitocin jijiya a arewa, sai Yawunde ko Duwala, shikenan an rufe magana. Eh akwai ƙarancinsu, ba musu. Amma ni a ganina asarar da muka fi yi tana faruwa tun kafin a kai ga wannan matakin, kuma da kayan da muke da su a hannu za a rage ta. Injin eko yanzu ya cika Garwa da Marwa da Ngaundare, sai dai mun maida shi kayan masu ciki zalla. Ka ce wa dattijo ɗan shekara 68 da ya yi shekara arba'in yana zuƙar sigari ya je a yi masa eko, dariya zai yi ya ce shi ciki gare shi? Alhali a Ingila duk namijin da ya kai 65 sai an aiko masa takarda ya zo a duba awotarsa, a shafa masa man nan mai sanyi a ciki a auna, ƴan mintoci an gama, ba allura ba yanka. Ban ce a kwaso duk tsofaffin gari ba, kuɗin na da wajen zuwa, ga maleriya ga haihuwa. Amma tsoho mai taba da tansiyo, ko wanda uba ko wansa ya faɗi farat ɗaya da ciwon ciki da baya, ko wanda ke jin abu na bugawa saman cibiya in ya kwanta rigingine, me zai hana a ɗora masa injin sau ɗaya?

Wani abokina malamin asibiti ya ce min to in an gano fa, sai me, ka sa wa talaka fargaba kan aikin da ba ya da kuɗinsa. Maganarsa na da nauyi, na daɗe ina juya ta. Amma ai ko a Faransa ba kowane ake yi wa aiki ba, ƙarami sa masa ido ake yi ana aunawa lokaci lokaci, sai ya kai wajen santimita 5.5 ga namiji, mace ƙasa da haka kaɗan, ko in yana girma da sauri, sannan ake maganar aiki. A tsakanin nan mutum zai iya jefar da taba, ya riƙe maganin tansiyo da gaske maimakon sha yau bari gobe. In kuma aikin ya zama dole, wanda ya sani tun da wuri yana da watannin da zai saida shanu ko fili, dangi su yi karo-karo, ya hau mota zuwa Ngaundare ya kwana a jirgin ƙasa ya sauka Yawunde da ƙafarsa. Wanda tasa ta fashe a Gidar ko Yaguwa da dare, wace hanya zai bi? Shi aikin ma ba sabo ba ne, tun 1951 aka fara yanke wajen ana sa wata jijiyar a madadinsa a Paris, yanzu bututun roba ake ɗinkawa, kuma daga 1990 wani likita a Ajantina, Juan Parodi, ya nuna ana iya zura bututun ta jijiyar matsematsi ba sai an buɗe ciki ba, ko da yake wannan tsadarsa sai mai hali.

Wanda ke fashewa a jijiyar cikin kai kuwa shi ne ya fi ba ni tsoro. Mutum na zaune lafiya sai ciwon kai ya sauko masa lokaci guda kamar an maka masa taɓarya, amai, wuya ya sandare, wasu su ce jifa ne a kira malam, wasu su ce sanƙarau ne tunda bazara ce, a yi kwana biyu ana tofi da ƙarin ruwa. A yi tofin, ba wanda ya hana, amma a yi shi cikin mota ana tafiya inda akwai skana, injin ɗaukar hoton cikin kai, don jinin da ya tsaya yana iya sake ɓallewa kuma na biyun ya fi kisa.

Su kuma wanzamai da masu ɗori, maimakon zaginsu da ake yi a rediyo, da ma'aikatan lafiya za su je wajen Sarkin Aska a tara su wuni ɗaya a nuna musu abu ɗaya tak, a taɓa kafin a tsaga, in yana bugawa a tura lopital. Ai su mutane ke fara nema kafin likita, ko mun so ko mun ƙi.

Mahaucin dai an yi masa aiki a kudu, ya dawo da dogon tabo ya koma teburinsa, yanzu har wani ɗan buhu yake ɗaurawa a cinya in zai yi fiɗa. Na tambayi tsohon wa ya koya masa wannan, ya ce ubansa, wanda shi kuma yana yaro ya ga an tsaga wa wani irin kumburin a bayan gwiwa ranar kasuwa, mutumin bai kai la'asar ba. Na ce to Baba ka koya wa yaranka? Ya ce duk su ukun moto suke tuƙawa.