Fayil ɗin yaron gidan marayu haƙƙinsa ne, kuma haƙƙin jikokinsa ne

A gidajenmu, mai son sanin asalinsa wurin kaka yake zuwa, ko gwaggo, ko wani dattijon unguwa da ya halarci sunan mahaifinsa. Wanda ya tashi a gidan renon yara ba shi da ko ɗaya daga cikinsu. Abin da wasu ke ji daga bakin kaka, shi nasa yana kwance cikin fayil: ranar da aka kawo shi, wa ya kawo shi, a kan wane dalili, ko yana da wa ko ƙanwa da aka kai wani gidan. In fayil ɗin ya ɓace, ko aka hana shi gani, asalinsa ne aka yanke. Don haka ra'ayina shi ne, gidan da ya rubuta takardun amana kawai yake riƙe da ita. Mai su shi ne yaron, bayan ransa kuma zuriyarsa.

Birtaniya ta daɗe tana fama da wannan lamari, kuma akwai abin koyo a yadda ta gyara wani ɓangare ta bar wani. Manyan ƙungiyoyin renon yara na ƙasar tun ƙarni na 19 suke aiki. Wadda yanzu ake kira Action for Children ta fara a 1869, Thomas Barnardo ya buɗe gidansa na farko na yara maza a Stepney da ke Landan a 1870, ita kuma The Children's Society ta biyo baya a 1881. Dukansu suna da tsofaffin rajistoci, suna kuma da sashen da ke amsa wa masu neman tarihinsu. Amma an daɗe ana kallon fayil a matsayin kayan ofis. Sai da Graham Gaskin, wanda ya tashi a hannun hukumar birnin Liverpool, ya kai ƙara har Kotun Haƙƙin Ɗan Adam ta Turai. A 1989 kotun ta ce an tauye masa haƙƙi, domin babu wata hukuma mai zaman kanta da za ta raba gardama idan waɗanda suka rubuta bayanan suka ƙi yarda a nuna masa.

A yau wanda ya tashi a irin waɗannan gidaje, muddin yana raye, dokar kare bayanai ta 2018 ta ba shi ikon neman duk abin da aka rubuta a kansa. Zai rubuta wa ƙaramar hukumar da ta ɗauki nauyinsa, ko ƙungiyar da ta rene shi, ya haɗa da shaidar ko shi wane ne, da duk sunayen da aka taɓa kiransa da su, da ranar haihuwa, da sunan gidan da shekarun da ya zauna. Ba a biyan ko kwabo. Wajibi ne a amsa cikin wata ɗaya, ana iya ƙara wata biyu in aikin na da yawa, in kuma an yi biris da shi sai ya kai kuka ofishin Kwamishinan Bayanai. Kuskuren da aka fi yi shi ne rubuta wa hukumar garin da gidan yake, alhali fayil yana wurin hukumar da ta tura yaron, wadda za ta iya zama a wani lardi mai nisa. Ga kuma sake fasalin ƙananan hukumomi da aka yi a Landan a 1965, da sauran Ingila a 1974, wanda ya rushe wasu hukumomi ya raba takardunsu. Dole sai an gano wace hukuma ce ta gaji tsohuwar, kuma gidan adana tarihi na lardin shi ne wurin tambaya.

Mai bin sawun kaka ko kakan-kaka kuwa, daga gida ya kamata ya fara, kafin ya rubuta wa kowa. Ya tattara hotuna, ya duba bayansu, ya rubuta duk sunan gari ko na mai reno da marigayin ya taɓa ambata. Daga nan sai takardar haihuwa daga babban ofishin rajista na Ingila da Wales, wanda ke rajistar haihuwa tun 1 ga Yuli 1837. Cikakkiyar za a nema, domin gajeriyar ba ta ɗauke da sunan iyaye, ita kuwa cikakkiyar tana da sunan uwa, da sunan gidansu kafin aure, da adireshi, da sunan uba da sana'arsa in an rubuta shi. Sai ƙidayar 1921, wadda aka buɗe wa jama'a a 2022. Tana da wata fa'ida ta musamman: an tambayi kowane yaro ɗan ƙasa da shekara 15 ko iyayensa biyu suna raye, ko ɗaya ya rasu, ko duka. Bayan ita akwai giɓi babba, don takardun ƙidayar 1931 sun ƙone a gobarar 1942, ba a kuma yi ƙidaya a 1941 ba saboda yaƙi. Rajistar 1939, wato jerin sunayen jama'ar ƙasar da aka rubuta a farkon yaƙin, ita ce ke cike wani ɓangare na giɓin.

A nan ne ya kamata mai bincike ya yi hattara da kalmar maraya. Da yawa daga yaran nan iyayensu na raye. Talauci ne, ko rashin lafiyar uwa, ko haihuwa ba aure, ya kai su gidan reno. Fiye da yara 100,000 aka kwashe daga Birtaniya zuwa Kanada tsakanin 1869 da shekarun 1930, aka ci gaba da kai wasu Ostireliya bayan yaƙin duniya na biyu, kuma an gaya wa wasunsu iyayensu sun mutu alhali ƙarya ne. Margaret Humphreys, ma'aikaciyar jin daɗin jama'a a Nottingham, ta kafa ƙungiyar Child Migrants Trust a 1987 don haɗa su da danginsu. Firayim Ministan Ostireliya Kevin Rudd ya nemi gafararsu a 2009, Gordon Brown na Birtaniya ya yi haka a 2010. Abin lura ga mai bincike shi ne, a irin waɗannan takardu akan samu an canza suna, an kuskure ranar haihuwa, an rubuta uwa da kalmomin ƙasƙanci. Fayil shaida ɗaya ne, kuma shaidar mai iko ce a kan marar ƙarfi. Kowane bayani a cikinsa sai an gwada shi da wata takarda dabam kafin a yarda da shi.

Inda nake ganin dokar Birtaniya ta gaza shi ne a kan matattu. Dokar kare bayanai ta masu rai ce kaɗai, don haka ɗa ko jika ba shi da ikon tilasta a ba shi fayil ɗin marigayi. Roƙo yake yi, a duba takardar mutuwa da shaidar dangantaka, a ba shi ko a hana shi. Gidajen adana tarihi da yawa kuma sukan rufe irin waɗannan rajistoci har shekara 100. Ko mai rai ma, sau da yawa fayil kan iso masa an shafe layuka da baƙin tawada, wai bayanan wasu ne, har sunan ƙanwarsa. Ƙa'idar ajiye fayil har shekara 75 daga ranar haihuwar yaro a 1991 ta fara, kafin nan an zubar da takardu masu yawa.

Masu kare wannan tsari suna da hujja, ba zan raina ta ba. Akwai uwar da ta ɓoye haihuwar, ta yi aure, ta tsufa cikin 'ya'yan da ba su san komai ba, kuma wasiƙa ɗaya na iya girgiza gidanta. Amma maganin wannan ba shafe sunanta ba ne. Sanin suna dabam, buga ƙofa dabam. Ingila kanta ta nuna ana iya raba su: tun dokar 1975 wanda aka ɗauka riƙo ta hanyar kotu yana iya karɓar takardar haihuwarsa ta asali in ya cika 18, sannan akwai rajistar da shi da danginsa ke rubuta ko suna son a sadu ko ba sa so. Ƙasar Ireland ma ta yi doka a 2022 da ta ba mutum cikakken bayanin haihuwarsa. Gwajin ƙwayoyin halitta da kamfanoni irin su Ancestry ke sayarwa ya riga ya tona asirin da ofisoshi ke ɓoyewa, sai dai yana tona shi ba mai shiga tsakani, wanda ya fi cutarwa.

Lamarin ya shafe mu ta hanya biyu. Daga shekarun 1950 zuwa 1970 ɗalibai da yawa daga Najeriya da Ghana sun ba iyalan Turawa renon 'ya'yansu a Ingila bisa yarjejeniyar kansu, kuma irin wannan reno ba ya barin fayil mai kauri. Sai a nemi wasiƙu, da rajistar makaranta, da ta hukumar yankin. A Arewa kuma, gwamnatin Lugard ta buɗe gidan 'yantattun bayi a Zungeru, a 1909 aka mayar da yaran zuwa gidan 'yan mishan da ke garin Rumasha. Jikokinsu suna nan, kuma gidan adana takardun tarihi na ƙasa da ke Kaduna ne wurin fara nema.

Gidajen marayunmu na yau su ne abin damuwa. Addini ya umarce mu, a Suratul Ahzab, mu kira yara da sunan ubanninsu, to in ba a san uban ba, kiyaye ɗan abin da aka sani ya zama nauyi a wuyan mai reno. Ranar da aka kawo jariri a rubuta wuri, da lokaci, da sunan wanda ya tsince shi, da mai unguwar da ya shaida, da lambar rahoton 'yan sanda. A ɗauki hoton zanen da aka naɗe shi da shi, a adana duk wata laya ko takarda da aka samu tare da shi. A yi masa rajistar haihuwa a Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa. In an ba da shi riƙo, a rubuta sunan da ya zo da shi kusa da sabon. A ajiye kwafi na biyu a ma'aikatar mata ta jiha, saboda gobara da gara, a kuma yi dokar da za ta fayyace cewa yaron zai karɓi nasa kwafin in ya cika 18, 'ya'yansa ma za su iya nema bayan rasuwarsa.