Fulogi huɗu na je canzawa, yau kwana biyar motata tana gareji

Ranar Asabar da hantsi na kai Corolla ɗina wani gareji a nan Kano domin a canza mini fulogi huɗu. Aikin da bai kai minti ashirin ba. Yau Alhamis, motar tana can an buɗe mata kai, ni kuma ina rububin adaidaita sahu da yara uku kullum da safe.

Ba fulogin banza na saya ba. Masu kan iridiyom ne na NGK, sai da na zagaya shago uku ina jujjuya kwali saboda jabu sun cika kasuwa. Na miƙa wa maigarejin, ya miƙa wa yaronsa ko kallo bai yi ba. Injin da zafinsa, yanzu na kashe shi, yaron ya hau kwance tsofaffin. Can sai na ga ya jawo wani gwangwani, ya tsoma yatsa ya lakato wani maiƙo mai launin jan ƙarfe, ya lafta wa zaren sabon fulogin tun daga sama har kusa da bakin da ke ba da wuta.

Na ce, "Maigida, don Allah a goge wannan. Masu fulogin nan da kansu sun ce kar a shafa masa komai."

Yana zaune a kan benci yana cin gyaɗa. Bai ɗago ba. Ya ce, "Alhaji, kai ne makaniken ko ni?"

Na haɗiye, na yi masa bayani da ladabi, domin a haife ya girme ni. Na ce wannan ƙyallin fari da ke jikin zaren shafe ne da aka yi masa tun daga kamfani, shi ke hana tsatsa, shi ke sa fulogi ya kwantu cikin sauƙi ran da za a cire shi. Wannan maiƙon, wato man hana kamewa, yana da wurinsa, kamar notin salansa da wuta ke gasawa, ko tsofaffin fulogai masu baƙin zare marasa shafe. Amma idan aka sa shi a kan irin wannan, zaren yana yin santsi, hannu ya kasa jin inda ɗauri ya isa. NGK sun rubuta cewa yana iya canza ƙarfin ɗaurin da har kashi 20 cikin ɗari. Kan injin nan kuwa alminiyom ne, ƙarfe mai laushi, bai da juriyar baƙin ƙarfe.

Sai ya tuntsire da dariya, ya waiwayi yaransa ya ce, "Kun ji malamin waya. Shekarata 30 ina wannan aiki, wai yau a salula za a koya mini ɗaura fulogi." Yaran suka kwashe da dariya, har da mai wankin mota na gefe. Ni da kuɗina, ni da motata, na tsaya a rana kamar wanda ya zo bara.

Na ce to aƙalla a ɗaura da sifana mai awon ƙarfi. Fulogi mai zaren milimita 14 a kan alminiyom, abin da ake so tsakanin 25 ne da 30 a ma'aunin Nm. In babu sifanar, a murɗa da hannu har ya zauna, sannan a ƙara rabin zagaye ko ɗan fiye. Ya ce, "Awonmu yana hannunmu. In ba ka yarda ba ga hanya nan." A lokacin an riga an zare koyil huɗu an zube a ƙasa. Ina zan je?

Na farko ya shiga, na biyu ya shiga. A na uku yaron ya zura bututu a bakin sifana don ƙarin ƙarfi, ya danna da kafaɗa. Na ga hannunsa ya tafi sululu, fulogin yana juyawa ba ya kamawa. Zaren kan injin ya cinye. Garejin ya yi tsit.

Sai a lokacin maigidan ya miƙe, ya karkaɗe ɓawon gyaɗa, ya leƙa ramin ya ce, "Ai dama tiredin nan a cinye yake. Motar Kwatano ce, sai haƙuri." Ko sannu babu. A nan take ya yanka mini kuɗin sauke kan inji, da na mai saka sabon zare, da na gasket, duk a wuyana.

Wallahi na gaji. Shekara biyu da suka wuce wani ya zuba mini man giya da ba na motar ba. Kafin shi wani ya cire mini tamostat ya jefar, wai a ƙasar zafi ba a buƙatarsa. Kowane lokaci mai mota ne ke biya, kuma in ka buɗe baki ka zama mai iyayi.

Kuma laifin bai tsaya kan mutumin nan ba. Wa ya taɓa tantance shi? A ƙasar nan duk wanda ya samu inuwar bishiya da sifana biyar ya zama injiniya, ya tara yara goma yana koya musu kuskuren da shi ma ya gada. Motoci sun koma na kwamfuta da alminiyom, horon bai motsa daga zamanin Fijo 504 ba. Makarantun koyon sana'a da gwamnatoci suka gina an bar su da injinan da suka girmi malaman. Jabun kaya na shigowa kwantena-kwantena, masu albashin hana su suna kallo. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 kowace fita sai mun yi lissafi, ɗan abin da ya rage kuma gareji ya lashe. In an ɓata maka inji, ina ofishin da za ka kai ƙara a saurare ka ba tare da ka kashe abin da ya fi kuɗin gyaran ba? Ƙungiyarsu ce za ta hukunta ɗan uwanta? Mu ma masu motoci muna da namu, domin da an ce mana "ƙaddara ce" sai mu zaro kuɗi mu yi shiru, gobe a yi wa wani.

Ɗazu bayan la'asar ya kira ni. Wai kuɗin gasket bai isa ba, in turo ciko kafin magariba, in ba haka ba sai Litinin.