Tashin zuciya daban, ƙyama daban

Daren Larabar da ta wuce ni ce mai kwana a gidan kula da tsofaffin da nake aiki, a wani ƙaramin gari kusa da Frankfurt. Wajen ƙarfe ɗaya da rabi, bayan mun gama zagayen juya waɗanda ba sa iya juya kansu a gado, na shiga ɗakin hutu in ci abinci. Ɗan ƙaramin ɗaki ne mai farar fitila mai kashe ido. Teburi ɗaya, kujeru shida, injin kofi da ba ya hutawa, kwandunan shara huɗu kowanne da irin abin da ake zubawa a cikinsa, sai takardar da aka liƙa a ƙofar firiji mai nuna ranar da kowa zai goge shi. Na saka tuwon semo da miyar kuka a na'urar ɗumama abinci. Daddawar da ke cikin miyar ta gida ce. Yayata ce ta ƙunso ta cikin leda uku ta ba wani mai tahowa, kuma tun azumi nake gutsurarta kaɗan-kaɗan kamar magani.

Ina buɗe murfin kwanon sai ga abokiyar aikina, Bajamushiya, ta ba hamsin baya, shekara uku muna ɗaga tsofaffi tare da ita. Ta ja ta tsaya a bakin ƙofa, ta yatsine fuska ta ce, "Igitt!" Kalmar da suke furtawa ke nan in sun taka kashin kare a hanya. Ta bi ta bayana ta wangale taga, ga sanyi ana zabgawa, sannan ta ƙara da "Davon wird mir schlecht," wato abin yana tayar mata da zuciya. Na mayar da murfi na rufe. Ruwan shayi kawai na kurɓa na koma bakin aiki.

Da safe wajen miƙa aiki na ja ta gefe na ce mata abin da ta yi ya ƙona mini rai. Ta yi mamaki, mamaki na gaske. Ta ce ai ba da ni take ba, jikinta ne ya yi haka, ba ta da iko da shi, kuma ita ba ta iya ɓoye gaskiya ba. Da amsar nan na hau jirgin ƙasa zuwa gida, har yau kuma ita nake ta juyawa a raina. Abu biyu matar nan ta faɗa a numfashi ɗaya, ƙyama da tashin zuciya. Da na tuhume ta da na farko, sai ta fake da na biyu.

Ba sai na gaya muku ba, a wurinmu ba a haɗa su. Mai laulayi in ta ce suyar albasa tana tayar mata da zuciya ba wanda zai ji haushinta, sannu za a yi mata, a nemo mata ɗan abu mai tsami. Wanda maiƙo ya ginsa ya tsame hannu, mai girki ba ta ɗauka da zafi. Zuciya da kanta take tashi, kamar yadda kumallo yake taso wa wanda ya kwana ciki ba komai, har ta kai abincin safe ma karin kumallo muke ce masa. Duk waɗannan a cikin mutum suke farawa, a cikinsa suke ƙarewa. Ita ƙyama kuwa tana da wanda ake yi wa. A ƙyamaci abu, a ƙyamaci mai abin. Shi ya sa da 'yan jaridarmu suka nemi sunan abin da ake yi wa irinmu a ƙasashen waje, ƙyamar baƙi suka ce.

Su ma Jamusawa suna da biyun. Tashin zuciya Übelkeit suke ce masa, ko su ce mir ist schlecht, kamar a ce ba daɗi a jikina. Ƙyama kuwa Ekel ce, kuma igitt ɗin nan 'yar gidan Ekel ce, ba ta da dangantaka da rashin lafiya. Na san haka domin a makarantar koyon wannan aikin darasi guda aka ware mana a kan Ekel. An koya mana yadda ake shan iska ta baki in wari ya yi yawa, yadda ake shafa ɗan man mentoletum a ƙarƙashin hanci, da yadda ake nemo abokin aiki ya karɓe ka in abin ya fi ƙarfinka. Sama da komai an nanata mana cewa kada tsoho ya taɓa ganin abin a fuskarka. Da idona na sha ganin matar nan tana canza wa dattijo ɗan shekara casa'in ƙunzugu, tana goge aman da ya ɓata mata hannun riga, tana yi masa hira da murmushi. Ko gira ba ta ɗagawa. Ashe ke nan tana da iko da fuskarta. Ta san yadda ake riƙe ta don mutuncin wani. Ni ce ba ta ga na cancanci ta riƙe dominta ba, kuma nan ne abin ya tsaya mini a maƙogwaro.

Tun ranar na bi abokan aiki ina tambayarsu yadda ake faɗin abin a harsunansu, domin gidan namu ba ƙabilar da babu. Wata Baturkiya ta ce su midem bulanıyor suke cewa, wato cikina ya gurɓace, da kalmar da suke amfani da ita in ruwa ya dame ya yi laka, kamar tafki bayan shanu sun ratsa. Wani ɗan Kamaru mai jin Faransanci shi ya fi ba ni mamaki. Ya ce Bafaranshe in amai ya taso masa cewa yake j'ai mal au cœur, zuciyarsa ke ciwo, yunƙurin aman kuma haut-le-cœur, zuciya ta yi sama. 'Yan'uwanmu na Maraɗi da Damagaram da suka yi lakwal, wato boko da Faransanci, sun daɗe da sanin wannan, ni sai yanzu na ji, kuma na ji daɗi da na gane akwai Turawan da su ma a zuciya suka ajiye abin. Amma daga cœur ɗin nan suka ciro écœurant, abin ƙyama, sai kalma ɗaya ta zama tana aiki biyu. Haka mai Ingilishi, da sick yake cewa ba shi da lafiya, da ita yake cewa amai yake ji, da ita kuma yake gaya maka ganinka ya ishe shi. In harshe ya cakuɗa su haka, mai cin fuska ya sami mafaka. Sai ya zage ka, in ka yi magana ya ce ciwo ne.

Ita nausea da likitocinsu suke rubutawa daga Girkanci take, daga naus, jirgin ruwa, wato asalinta jirin da teku ke sa matafiyi. Su daga tangal-tangal ɗin jirgi suka samo tasu kalmar, mu daga yunwar safiya. Disgust na Ingilishi kuma da dégoût na Faransanci, wato ƙyama, daga ɗanɗano suka fito, goût, abin da bai yi wa harshe daɗi ba. Daga "bai yi mini daɗi ba" aka ja kalmar har ta zama ta zubar da mutuncin mutane.

To bari in gaya muku abin da ake ci a wannan ɗakin hutun, tunda ba kowa ya gani ba. A nan jihar Hessen suna da wani cuku da suke alfahari da shi, Handkäse, ɗan dunƙule mai launin kakin zuma, a jiƙa shi da binega da mai, a barbaɗa ɗanyar albasa. In an buɗe robarsa har farfajiya ake ji. Akwai wansa, Limburger, wanda ƙwayar bakteriyar da ke nunar da shi dangin wadda ke sa ƙafar mutum wari ce. Ba ƙage nake yi musu ba. Wani masanin sauro ɗan ƙasar Holan, Bart Knols, ya nuna a shekarun 1990 cewa sauron zazzaɓin cizon sauro, irin wanda ke addabarmu a gida, yana bin warin cukun nan kamar yadda yake bin ƙafar mutum. Sannan akwai Mett, ɗanyen naman alade niƙaƙƙe, ko wuta bai gani ba, a shafa a rabin burodi a ɗora albasa. In wani ya cika shekara, faranti guda ake jerawa a teburin nan da na ajiye tuwona. Ranar farko da na gane abin da ke kai zuciyata ta tashi da gaske, har yawu ya taru a bakina. Na ce bari in leƙa ɗaki na goma sha biyu na ji kamar an danna ƙararrawa, na fita na sha iska. Da na dawo na yi wa mai bikin fatan alheri. Shekara uku ba wanda ya san abin da na ji.

Daddawa kuwa me ta yi? Kalwa ce aka dafa aka rufe ta kwana biyu ko uku ta nuna. Ƙwayar da ke nunar da ita, Bacillus subtilis, ita ce dai ke nunar da waken suyan Japanawa da ake kira natto, wanda wasu Jamusawan ke bi har kantin 'yan Asiya su saya don wai yana gyara hanji. Abu ɗaya, in daga Japan ya zo abincin lafiya ne, in daga Katsina ya zo a buɗe taga. Ga shi mu muna rarrabe wari dalla-dalla, ƙarni daban, zarni daban, ƙauri, bashi, ɗoyi, kowanne mun san inda ya fito. Su ma ƙamusunsu bai rasa kalmomi ba, amma abin da kunnena ke ji kullum es stinkt ne, yana wari, a kan ruɓaɓɓen kifi da kuma a kan miyar uwata.

A jirgin ƙasan nan da na hau zuwa gida na tuna karatun islamiyya. Bukhari da Muslim sun ruwaito daga Abu Huraira cewa Manzon Allah (SAW) bai taɓa aibata abinci ba, in yana so ya ci, in ba ya so ya bari. Da aka kawo gasasshen damo a ɗakin Nana Maimuna ya janye hannunsa, Khalid ɗan Walid ya tambaya ko haramun ne. Ya ce a'a, sai dai babu shi a ƙasar mutanensa, shi ya sa ransa bai karɓe shi ba. Khalid ya jawo ya ci, shi kuma yana kallonsa. Ya faɗi gaskiyar abin da ya ji, ya faɗi dalili, rashin sabo ne, kuma mai ci bai tashi da kunya ba. Saboda haka ba na karɓar zancen cewa dole mutum ya zaɓa, ko gaskiya ko kara.

Na sani mu ma ba wankakku ba ne. Na taso na ga kwanon kuturu daban, na ga matar da yoyon fitsari ya sa aka mayar ɗakin bayan gida, na ga ana zuba wa almajiri tuwo daga nesa. Muna tsaki, muna tofar da yawu. Kuma Jamusawan nan akwai masu kirki, ita kanta matar ta taɓa karɓar mini aikin ranar Sallah ba tare da na roƙa sau biyu ba. Amma ban taɓa ganin gidan Bahaushen da aka bar yaro ya leƙa kwanon wani ya yatsine fuska aka kyale shi ba. "Alhamdu lillahi, na ƙoshi" muke cewa, ko da yunwa na cinmu.

Abin da ban gaya wa abokiyar aikina ba shi ne ba daga bakinta na fara jin kalmar ba. 'Yata shekararta bakwai, a nan aka haife ta. Tana da shekara uku har kwanon miyar kuka take sudewa, tana kuka in an ɗauke. Bara da ta shiga firamare ta dawo wata rana ta leƙa tukunya ta ce, "Mama, das ist eklig," wato abin ƙyama ne. Bayan mako biyu ta roƙe ni kada in riƙa girki da safe kafin mu fita, wai rigar sanyinta tana ɗauka, wata yarinya ta ja kujerarta baya. Hancinta bai canza ba, cikinta bai canza ba. Koya mata aka yi, kuma da harshen da ya fi nawa ƙarfi a kunnenta. Na daina girkin safe. Rigunanta na mayar da su can ƙuryar ɗaki, nesa da kicin.

Da na ba Hajiya, mahaifiyata, labari a waya ta daɗe ba ta ce komai ba, sannan ta ce in ba ta kishiyar tata. Ina ji tana ce mata, "Ke kishiya, an ce kin raina miyata, to ki zo ki gaya mini a gabana." Yarinyar ta tsinci rabi, ta juyo tana tambayata sauran da Jamusanci. Ni na zama tafinta tsakanin uwata da 'yata, kuma da na zo kan "kin raina" sai na rasa kalmar da zan ba ta.

Ranar Asabar na sake kaɗa miyar, taga a rufe. Na zaunar da ita na ce akwai tashin zuciya, akwai ƙyama, na bayyana mata kowanne gwargwadon yadda za ta gane, na ce wanne take ji. Ta yi shiru tana wasa da cokali. Ta ce in a gida ne ba ta jin ko ɗaya, sai in ta tuna makaranta. Ta ci loma huɗu da hannu, ta je ta wanke hannun sau biyu da sabulu, ta sunsuna, ta koma ta sake wankewa. Daddawar saura ƙwaya biyu a firiji, kuma na riga na aika wa Yaya saƙo ta fara neman mai tahowa.