An bar jaki ana dukan taiki: maganar firinta da Linux

Malamin da ya turo min "ai ga irinta nan, da ka yi zamanka a Windows" jiya da daddare, saƙonka ya iso. Na gode da jaje. Allah ya bar zumunci.

Ga dai yadda na kwana da firintata a Linux, wato manhajar da ke tafiyar da kwamfutata a madadin Windows. Shafi huɗu kacal nake son bugawa, sai da na ci awa uku. Direban Linux (manhajar da kwamfuta ke magana da firinta da ita) da kamfanin firintar ya ajiye a shafinsa na intanet na zamanin tsofaffin kwamfutoci masu 32-bit ne, a kulle, ba mai iya leƙa cikinsa balle ya gyara, kuma da ganinsa tun ranar da suka sake shi ba su sake waiwayarsa ba. Na lallaɓa na saka. Firinta ta yi gyaran murya, ta ja takarda, ta tofo min ita da layi ɗaya na wasu haruffa da ko aljani ba zai karanta ba, ta ja ta biyu, ta ja ta uku. Da ban zare wuta ba da ta cinye bandir guda.

Sai ga jama'a, kowa da fatawarsa: Linux wahala ce. To laifin kamfanin da ya ƙera firintar ne, kuma zan yi ta faɗa har ku gaji.

Yawancin firintoci masu arha ba su da ƙwaƙwalwar kirki a cikinsu. Kwamfuta ce ke yin duk aikin zana shafin, sannan ta aika da shi cikin wani yare da kamfanin ya ƙirƙiro ya ɓoye. Firintar da ke jin sanannun yarukan bugu irin su PostScript ko PCL ba ta ba kowa ciwon kai, don yaren a bayyane yake. Wadda yarenta ke aljihun kamfani kuwa, sai wanda kamfanin ya ga dama ya rubuta wa direba. Ka sayar min da na'ura, ka ƙi faɗa wa kowa yadda ake mata magana, sannan a ce wanda bai iya maganar ba shi ne mai laifi? Wannan wane irin shari'a ne?

Abin dariyar ma, wannan rigima ta girmi yawancin masu min ba'a. Wajen 1980, a ɗakin binciken MIT da ke Amurka, wata firintar Xerox ta riƙa cije takarda, wani marubucin manhaja mai suna Richard Stallman ya nemi lambobin manhajarta don ya sa ta riƙa sanar da mutane idan ta maƙale, aka hana shi. Wannan haushin na cikin abin da ya kai shi ga shelanta GNU, shirin samar da manhajar da kowa ke da 'yancin leƙawa da gyarawa, a 1983. Wato tun asali firinta ce ta tsokano faɗan, kuma har yau halin bai canza ba.

Na san abin da za ku ce: masu Linux ba su da yawa, kamfani ba zai ɓata kuɗinsa ba. Ku ajiye wannan. A 2007 Greg Kroah-Hartman, ɗaya daga cikin manyan masu kula da zuciyar Linux, ya fito fili ya ce duk kamfanin da ke son direba ya kawo bayanin na'urarsa, za a rubuta masa kyauta. Kyauta fa. To ina maganar kuɗi? Sannan manhajar da ke tafiyar da bugu a Linux, wato CUPS, wadda Michael Sweet ya fitar a 1999, ita ce dai Apple ya saya a 2007, ita ke aiki a kwamfutocin Mac. Hanya ɗaya ce. Kamfani ya share wa wani gefe, ya zuba wa wani ƙaya, sai a ce hanyar ce ba ta da kyau.

Wani kuma ya ce a Windows ai komai lafiya lau. Haba? An manta da PrintNightmare na 2021 ke nan, lokacin da wata ƙofar kutse da ke sashen bugun Windows ta hana masu kula da kwamfutocin ofisoshi barci. A 2023 Microsoft da kansa ya sanar cewa zai daina rarraba direbobin kamfanonin firinta ta Windows Update, hanyar sabunta Windows, sannu a hankali, a koma ga IPP, ƙa'idar magana da firinta da ke a bayyane ga kowa. CUPS kuwa tun farko a kan IPP aka gina ta. Wa ya biyo wa?

Maganar gaskiya, ban da wasa: akwai inda na yarda na yi sake. Ban duba ba kafin in saya. Firintar da kwalinta ke ɗauke da tambarin AirPrint ko Mopria ko IPP Everywhere, alamun bugu ba tare da direban kamfani ba, galibi kana haɗa ta da Linux na zamani za ta bayyana da kanta, babu direba babu roƙo, wata har sikanarta ta tashi. Mutanen OpenPrinting, shirin da ke kula da harkar bugu a Linux, su Till Kamppeter, sun shekara da shekaru suna wannan aiki, da 'yan sa-kai da ke zama su warware yaren na'ura ɗaya bayan ɗaya ba da sisin kowa ba. Raina na ɓaci idan na ga su ake zagi, alhali wanda ya karɓi kuɗina yana can yana ƙirga riba. Sakaci nawa ne, amma ɓoye yaren ba ni na ɓoye ba.

Af, tunda ana maganar ɓoye-ɓoye: kun san firintocin leza masu launi da yawa suna yayyafa wasu ƙananan ɗigo-ɗigo rawaya a kowane shafi, waɗanda ido ba ya gani sosai? A 2005 ƙungiyar EFF mai kare haƙƙin masu amfani da fasahar zamani a Amurka ta warware na wata samfurin, ta tarar da lambar na'urar da rana da lokacin da aka buga. Yau da safe na haska tsofaffin takarduna da shuɗiyar fitila ina nema. Wa ke da gilashin ƙara girma ya ara min?